Baitinka Yana Jiranka

Zuwa ga ƙanena Anselmo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Maribel da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sassauta muku sanyin Madrid. Mu nan Loja lafiya lau, sai Kawu Eudoro da ƙafa ta matsa wa, amma ba ta hana shi zuwa cin tamal, alalar masarar nan ta Kirsimeti, ba.

Na ji abin da ka faɗa a waya, cewa ba za ka zo ba, don ba za ka jure Mama ta dube ka kamar baƙo ba. Ban ga laifinka ba. Tun da ciwon mantuwa ya ci ƙarfinta, ni da nake mata wanka ma baiwar Allah take kirana. Amma ka ji abin da ya faru.

Ranar Kirsimeti da rana aka sake sa wa a talabijin tsohon fim ɗin nan na masunci da 'ya'yansa masu waƙa a kwalekwale, wanda muke kallo duk shekara tun muna yara. Ka tuna yadda Mama ta raba mana waƙar ƙarshe, kowa da baitinsa, tana nuna mu da cokali? To, ana fara kiɗan sai ta miƙe zaune, ta zare cokali daga kofinta. Ta nuna yayanmu Fausto, ya rera nasa. Sannan ta nuna ni. Matar da ta manta sunana ba ta manta baitina ba! Na rera, da ƙyar na kai ƙarshensa. Har yau ina mamakin yadda fim da launinsa duk ya koɗe ya isa inda likitoci suka kasa isa.

Da aka zo naka, ta nuna kujerar bakin taga, inda kake zama. Kawu Eudoro ya ɗauka don ya cike gurbin, sai ta daka masa tsawa, ta ce ya rufe mata baki, wannan na Anselmo ne, burodi ta aike shi, yanzu zai dawo. Haka ta riƙe cokalin a sama har fim ya ƙare.

Ba zan yi maka ƙarya in ce za ta gane fuskarka ba. Amma Fausto ya samo fim ɗin a faifai, ba sai mun jira baɗi ba. Ka zo ka rera, ko da muryar nan taka mai korar kaji.

Ka gaishe min da Maribel, da Nicanor da ƙaramar Zoila. Fausto da Kawu suna gaishe ku. In ka taso, ka biyo da burodin.

Yayarka,
Herminia