Dutsen da Ka Gasa

Ya sanyin idona, inuwata a tsakar rana, malamin duwatsu kuma ɓarawon ɗakina,

Ina dutsena?

Kada ka ce wanne. Baƙin nan mai jar kibiya, na ranar da ka fara hawa tsauni da ni, takalmina ya tsinke ka ba ni naka. Ka ɗora kamfas mai nuna arewa, ka zana kibiyar kafin ka ɓamɓare shi da guduma, ka ce tun ranar da ya huce daga narkewa ya riƙe inda arewa take, bai taɓa mantawa ba, kuma haka za ka riƙe ni. Ni kuwa, sokuwa, na narke! Yaya ta yi ta dariya, wai 'yan mata na samun zobe, ƙanwarta ta samo abin tokare ƙofa. Duk da haka gaban madubina na ajiye shi. Ko rediyo ban bari ya kusance shi ba, don ka ce maganaɗisun cikinsa zai rikita shi.

Sai ga shi ka ɗauke ba sallama, ka kai ɗakin gwaji, ka yanka gunduwa-gunduwa, ka gasa a tanderu gaban ɗalibanka, wai saboda maƙalarka ta rasa dutse ɗaya daga wancan tsaunin. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Kai da ba ka da shi, gasawa ka yi. Ba kai ka koya mini cewa zafi yana shafe abin da dutse ya riƙe ba? Da na tambaye ka, wai ai dutse ne kawai. Kawai!

Kullum kana gaya wa ɗalibai dutse yana lanƙwasa in an matsa masa a hankali, yana tsagewa in an buge shi farat ɗaya. Tafiye-tafiyenka, abincin da ke hucewa yana jiranka, duk na lanƙwasa. Wannan karon bugu ka yi.

Ina gidan Yaya. Kada ka turo kowa ban haƙuri, kada ka sayo zobe. Ka zo da guduma da kamfas da jan alƙalami, mu koma tsaunin. Ni zan zana kibiyar, ni zan ɓoye dutsen. In ba haka ba, ka ci gaba da kwana da maƙalarka.

Kaico, ruwan rijiyata, tauraron asubata! Abin da ya fi ba ni haushi, ka gasa ni fiye da dutsen, amma har yanzu inda kake nake fuskanta.

Taka har ƙasa ta rufe idona,
Matarka, wadda ba ta huce ba.