Tambayar da Ba Ka Yi wa Goggo Ba

Bungudu,
12 ga Nuwamba, 1959.

Zuwa ga taubashina Mas'udu, likita a Badun.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta zumunci da ban girma, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ka daga zazzaɓin Kudu, ya ƙara maka haƙurin zama da majinyata. Mu nan sai godiya. Gero ya shiga rumbu, dawa ta kusa yanka, audugar Baba Yari ta fashe fari fat a gonarsa ta Kekun Waje, yana ta shirin kai ta Gusau. Ƙanwata Ladidi ta sauka lafiya a Tsafe, an samu namiji, an raɗa masa Sabiru. Kada ka yi wa rubutuna dariya. A ajin yaƙi da jahilci na koya, kuma duk karkacewarsa ya fi naka karantuwa, don takardarka ta bara sai da muka taru a kanta kamar masu fiɗar akuya.

Kwanakin nan ƙuruciyarmu nake ta tunawa. Tun da aka yaye ka aka kawo ka gidanmu, saboda kai ne ɗan farin Goggo Shafa'atu, akushi ɗaya muke sa hannu, kuma kullum kai ke cinye gefen da miya ta fi yawa. Ina tuna ranar kasuwar Kwatarkwashi, Baba ya aza mu bisa jaki, muna ɗaga kai muna neman mikiya a kan dutse har wuyanmu ya ƙage. Ina tuna bakin gulbi, ni ina wanki, kai kana farke cikin kwaɗo da tsinke wai sai ka ga abin da ke ciki, ina gudu ina kai ƙararka. Ashe aikinka ne ka soma tun lokacin. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zuwan Goggo gidanmu. Ba ta kallonka, ba ta kiran sunanka, sai dai ta ce yaron gidan Yari. Amma in za ta tafi sai ta damƙa mini ƙuli-ƙuli kashi biyu, ta san inda kashi ɗaya zai je. Yanzu da ka girma sunanka a bakinta ya koma mutumin Badun.

Da ka zo hutu da bazara na yi alfahari da kai, ko da yake ban faɗa maka ba don kada kanka ya kumbura. Ka bi Furfuri da Kekun Waje a kan keke, ka shiga har rugar Arɗo Jibo bayan Tsafe, kana tambayar wa ke da ƙari a muƙamuƙi ko wuya ko mama, tun yaushe ya fito, wane ruwa suke sha. Na ji ka a zaure kana gaya wa dattawa cewa da safe kuna duba masu ciwon daji, da rana ku shiga ɗakin bincike, kuma kai da manyanka kuna gwada wata sabuwar allura. Ka ce wasu ƙarinsu ya saɓe, wasu bai motsa ba, har yau ba wanda ya san ƙarshenta, kuma ba a yi wa kowa sai da yardarsa. Ba ka sani ba, Goggo tana bayan danga tana ɓarar gyaɗa, ba abin da ya wuce kunnenta.

To, Mas'udu, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A wannan lokacin da kake zagaye ƙasa da tambayoyinka, Goggo tana da ƙari a mamanta na hagu, mai tauri kamar ƙwallon goruba. Ka je gaishe ta, ka durƙusa a bakin ƙofa, ta amsa daga ciki fuskarta a bango kamar yadda kuka saba, ka tashi. Duk ƙasar nan ka tambaya ban da ita, ita kuma da ta nuna wa ɗan fari jikinta gara ta mutu da abinta. Ban ɗora maka laifi ba, ban ɗora mata ba, haka muka iske ana yi. Amma gaskiya raina ya ɓaci da mu duka.

A wurin sunan Ladidi na gane. Na ga Goggo ta daina ɗaga taɓarya, in za ta ɗauki ƙwarya sai ta cije leɓe. Na ja ta ɗaki na tsare ta da rantsuwa, sannan ta kwance zane. An riga an yi mata ƙaho, Dije mai nono ta kawo mata sassaƙe, ba abin da ya ragu. Da ƙyar muka kai ta asibitin Gusau. Likitan ya ce daji ne, ya taɓa hammata, kuma ya fi ƙarfin kayan aikinsu. Da ya ji inda kake, ya ce mu rubuta maka ba tare da jinkiri ba.

Ita da bakinta ta ce a rubuta wa mutumin Badun. Ta ce ta ji bayanin allurar nan, ta san ba tabbas, ba kuma alkawari take nema ba. In ta yi mata amfani, alhamdu lillahi. In ba ta yi ba, ku rubuta abin da kuka gani a jikinta, ko wata mata ta tsira, aikin yaron kuma ya ci gaba. Sai dai ta ce kada ka tsallake da ita gaban wanda ya riga ta jira, kuma ba kai za ka duba ta ba, ka nemo mata abokin aikinka, kai ka tsaya daga waje. Baba Yari kuwa ya ƙi. Ya ce ba zai sa ƙanwarsa a jirgin ƙasa ta je ta cika a ƙasar da ba ta jin harshensu ba, a rufe ta nesa da iyayenta. Jiya har hawaye ya yi, abin da ban taɓa gani ba. Daga baya ya ce duk abin da ka yanke shi ke nan. Don haka ka gaya mana gaskiya tsakaninka da Allah, mu hau jirgi daga Gusau mu zo, ko mu bar ta a ɗakinta mu yi jinyarta. Ka amsa da wuri, domin wurin ya soma yin ja, ni kuma tsoro nake ji.

Baba Yari yana gaishe ka yana sa maka albarka. Ladidi da maigidanta Lukuman suna gaisuwa, Arɗo Jibo ma ya ce a tambaye ka ko ka huta da hawan keke. Ka gaishe mana da manyanka na wurin aiki.

Za ka ga tabon mai a saman takardar nan, daidai kan sunanka. Kafin ka ce ƙazantata ce, ba ni ba ce. Na kai wa Goggo takardar na karanta mata, na iske ta tana murza ƙuli da hannu ɗaya. Da na gama ta tambaye ni a ina ne aka rubuta sunan. Na nuna mata. Ba ta faɗe shi ba, sai ta aza yatsanta a kai ta daɗe, tana kallon wurin yadda ban taɓa ganin ta kalle ka ba. Da zan fito ta ba ni ƙuli kashi biyu. Naka yana nan a ƙulle cikin gefen zanena, ka faɗi ko mu taho da shi.

Ni ce taubashiyarka,
Wasila Yari.