Kwana Goma A Ƙafa, Da Katangar Da Ba Ta Faɗi Ba

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gudanarwa na makarantar sakandaren al'ummar garinmu, a ƙasar Roni.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, Alhaji, bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali, ina kuma yi maka barka da kaka. Allah Ya sa albarka a abin da aka girbe.

Ni ne Malam Habibu, malamin labarin ƙasa a wannan makaranta shekara goma sha tara ke nan. Ba baƙo ba ne ni a wurinka. Sahu ɗaya kuke tsayawa da marigayi mahaifina a masallacin unguwa, kuma ban manta ba da aljihunka aka gina azuzuwa biyu na farko, lokacin da 'ya'yanmu ke taka sayyada zuwa wani gari neman sakandare. Saboda wannan darajar ne na rubuto maka sau uku a rufe, na ba da hannu da hannu, ban samu amsa ba. Wannan ta huɗu na buɗe ta, na sa a zauren waya na iyayen yara da na malaman Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, domin maganar ta wuce ni kaɗai.

Na ɗaya: takardar tuhuma.

A farkon daminar bara, da safe bayan an kwana ana ruwa, darasina ya faɗo kan zaizayar ƙasa. Na ɗauki alli zan zana kwazazzabo a allo, kamar yadda na saba duk shekara, sai na ga ta taga ga kwazazzabo na gaske yana cin ƙasa a bayan katangarmu ta yamma. Na ajiye allin, na fita da 'yan aji biyar. Tafiyar ba ta kai ta minti biyar ba. Muka auna da igiya, taku goma sha ɗaya ya rage tsakanin bakin ramin da katangar, kuma daga katangar sai ajin 'yan mata.

Washegari aka miƙo mini takarda da sa hannunka. Ba a tambaye ni abin da muka gano ba. An rubuta cewa na bar aikina na kai yaran mutane “yawon banza”. Har yau tana cikin fayil ɗina.

Na san abin da ke ranka, Alhaji, kuma ba na raina shi. Duk garin nan mun tuna yaron da ya tsere lokacin hutun tara, ya faɗa kududdufi, kai ka shiga ruwa da rigarka aka ciro shi, Allah Ya jiƙansa. Tun daga ranar ba ka son jin an buɗe ƙofar makaranta kafin tashi. Sai dai wancan yaron shi kaɗai ya fita, ba malami, ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake gane ruwa mai zurfi. Nawa sun fita a jere, na ƙirga su a ƙofa, na sake ƙirga su da muka dawo.

Na biyu: fam ɗin da ya kwana a teburinka.

Bayan makonni kaɗan wani abokin aiki daga Kazaure ya turo mini sanarwa a waya. Wata gidauniya ce ke ɗaukar nauyin malaman makaranta su yi tafiyar ƙafa ta kwana goma a hutun ƙarshen shekara, a koya musu yadda ake koyarwa a fili. Ita za ta ba da kuɗin mota da abinci da tanti da jakar goyo har da takalmi. Ba ta nemi komai daga makaranta ba sai takardar amincewa. Na cike fam, na kawo maka har gida. Mako uku yana wurinka. Da na dawo bin sahu, a gaban mutanen da ke zaurenka ka ce ba ka taɓa jin inda ake biyan mutum ya shiga daji yawo ba, kuma in na tafi na bar darasin hutu, kada in yi mamakin abin da zan tarar. Na yi bayanin cewa na riga na shirya da wani malami ya riƙe mini ajin. Ka ce ka gama magana.

Ranar da za a rufe karɓa, shugaban makaranta, Malam Lawan, ya sa mini hannu a wani sabon fam, yana sane da faɗan da zai sha. Ya kuwa sha. Ina gode masa a bainar jama'a, tunda a bainar jama'a aka yi masa.

Ba zan ɓoye ba, na tafi da tsoro. Ina da iyali, kuma shekaruna sun haura hamsin, ba lokacin neman sabon aiki ba ne. Maiɗakina ce ta ce in tafi, abin da Allah Ya rubuta shi zai faru.

Na uku: abin da na gani.

Na ɗauka wata ƙasa mai nisa za a kai mu. Ashe tamu ce. Daga duwatsun Roni muka tashi, muka yi arewa zuwa Gwiwa, muka karkato ta Achilafiya, muka ƙare a yashin Babura. Malamai ne maza da mata, kowane rukuni da tantinsa da mai kula da shi, wasu daga jihohin da sai an kwana a mota. Na ga malamin da ya zo daga nesa ya durƙusa yana shafa dutsen da nake wucewa a kan babur kullum ban taɓa tsayawa ba. Kunya ta kama ni.

A rana ta uku ƙafafuna suka yi bororo, na zauna a gindin wata aduwa ina tunanin in nemi ɗan acaɓa in koma gida. Jagorarmu, wata malamar jami'a da ta girme ni, ta zauna ta nuna mini yadda ake wanke bororo a ɗaure shi, ta ce wannan ma darasi ne, domin wata rana ƙafar ɗalibina ce za ta yi haka. Na tashi na ci gaba, kuma na gama kwana goman da ƙafata.

An koya mana abubuwan da za su kwantar maka da hankali da ka tambaya: yadda ake karɓar izinin iyaye a rubuce, yadda malami ke fara zuwa ya duba wuri kafin ya kai yara, wanda ke gaba da wanda ke baya, abin da ake yi in maciji ya sari yaro da abin da ba a yi, da yadda ake kallon hadari a san lokacin juyawa. Amma manyan malamanmu ba masu takardar shaida ba ne. Kusa da Gwiwa wani dattijo makiyayi ya tsayar da mu a ƙarƙashin gawo, ya tambaye mu dalilin da ya sa shi kaɗai ke zubar da ganye da damina alhali kowace bishiya ta yi kore, kuma me ya sa geron da ke gindinsa ya fi na gefe tsawo. Mu malamai fiye da ashirin, shi ne ya yi mana bayani. A wajen Babura kuma wani manomi da ke cin kasuwa da mutanen Nijar ya nuna mana yadda suke jera duwatsu a kwance a gangare, su haƙa ramuka kamar rabin wata, ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa maimakon ya kwashe ta. Ba shi da wata na'ura sai siririn tiyo mai ruwa a ciki da sanduna biyu, da su yake gane inda ƙasa ta daidaita. Ina kallonsa, katangarmu kawai nake tunawa.

Na huɗu: abin da na tarar.

Da aka koma makaranta na tarar an karɓe azuzuwana an ba wani wanda ba fanninsa ba ne, ni kuma an mayar da ni tsaron ɗakin karatu, ɗakin da littattafansa ba su cika kanta biyu ba. Ba a kore ni ba, na gode. Amma malamin da aka raba da aji ya san abin da aka yi masa.

Tunda Asabar tawa ce, na bi gida gida na nemi izinin iyaye. Ɗalibai tara suka zo a makon farko. Muka bi kwazazzabon daga katanga muka yi sama, muna neman inda ruwan ke tasowa. Ni da taswira a hannu na nufi wata ƙorama da nake zargi. Wadda ta gyara mini ita ce Safiya, 'yar rugar da ke bayan dutse, yarinyar da shekara biyu ina koyar da ita ban taɓa jin muryarta a aji ba, har na sa ta a cikin waɗanda ba sa ganewa. Ta ce ba ta nan ruwan ke bi ba, ta tsohon burtali yake gangarowa, hanyar da shanunsu suka bi shekara da shekaru har ƙasar ta zama fako. Ta kai mu. Gaskiyarta ce. Ranar na gane ba ita ce ba ta ganewa ba, ni ne ban taɓa tambayarta abin da ta sani ba.

Duk rani muna aikin. Muka sayi tiyo, muka yi awo, muka jera duwatsu layi layi daga saman gangaren zuwa ƙasa, muka haƙa rabin wata a fakon. Yaran da ke gudun lissafi suka riƙa gardama a kan kusurwa da tazara, saboda in awo ya karkace, dutsen da suka ɗauko da hannunsu ne zai tafi a banza. Tara suka zama aji guda, sannan iyaye suka fara turo amalanke. Mahaifin Safiya ya zo da kansa ya nuna mana inda za mu samu saiwar ciyawar gamba da jema, muka dasa a bayan kowane layi da ruwan farko.

Sai ga daminar bana, wadda kowa ya san yadda ta yi. Gidaje sun zube a garin nan, hanyar kasuwa ta yanke kwana biyu. Bayan ruwan da ya fi kowanne ƙarfi, da sassafe na tafi bayan makaranta da igiyar awo. Na tarar ɗalibai sun riga ni. Muka auna: taku goma sha ɗaya, kamar bara. Ramin bai ƙara ko taku ɗaya ba, ƙasa ma ta fara taruwa a bayan duwatsun, ciyawa ta fito a fakon da tun tasowata ban ga ya tsirar da komai ba. Katanga tana tsaye, 'yan mata suna karatu a ajinsu. Alhamdu lillahi.

Na biyar: taron iyaye.

A taron iyaye da malamai na watan jiya, Safiya ta tsaya a gaban dattawan gari da taswirar da ajinsu ya zana, ta yi bayani daga farko har ƙarshe. Mahaifinta yana zaune a baya yana share ido da gefen rawani. Da ka tashi jawabi, ranka ya daɗe, ka ce wannan shi ne amfanin tura malamai ƙaro ilimi da kwamiti ke yi. Aka yi tafi, ni ma na yi. Ba na jayayya da kai a kan yabo, ka riƙe shi duka. Abin da ya hana ni barin maganar shi ne, a daidai lokacin da kake faɗin haka, takardar tuhumar tana fayil ɗina, ina tsaron ɗakin karatu, kuma fam biyu na zaune a teburinka: na Malama Hadiza mai koyar da ilimin halittu, da na Malam Nura mai koyar da aikin gona. Gidauniyar ta sake buɗe ƙofa, ƙarshen watan nan za ta rufe. Malama Hadiza ta samu izinin maigidanta, ta ga hotunan rukunin mata, ta shirya. Sa hannunka kaɗai suke jira.

Don haka, cikin ladabi, ga buƙatuna.

Ka sa hannu a fam ɗin malaman nan biyu kafin wa'adi ya cika. Wannan ita ce ta gaba da komai, in ɗaya kawai za ka yi.

A cire takardar tuhumar daga fayil ɗina, a mayar mini da azuzuwana. A kuma janye faɗan da aka yi wa Malam Lawan a inda aka yi masa.

Kwamiti ya amince da darasi ɗaya a fili kowane mako ga kowane aji, da izinin iyaye a rubuce, da malamai biyu, da akwatin taimakon gaggawa. Na rubuta ƙa'idojin kamar yadda aka koya mana, suna hannun shugaban makaranta, kana iya ƙara duk sharaɗin da ka ga zai tsare yara.

Ga 'yan uwana malamai da ke karanta wannan a Kazaure da Gwiwa da Babura: in sanarwa irin wannan ta shigo wayarku, ku cike. Kada shekaru ko nauyin jiki su hana ku. Na tafi ina ɗingishi, na dawo da abin da shekara goma sha tara a gaban allo ba su ba ni ba.

A ƙarshe, Alhaji, Asabar mai zuwa bayan sallar asuba za mu hau gangaren mu fara layi na gaba, wanda zai tare ruwan da ke nufar maƙabarta. Ɗalibai sun roƙe ni in gayyace ka, sun ce kai suke so ka ajiye dutsen farko. Na gaya musu zan isar, ga shi na isar. Hanyar ba ta da tsauri, kuma za mu tafi da takunka.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya saka maka da alheri a kan abin da ka gina a garin nan, Ya sa ka gama da duniya lafiya. Ya jiƙan iyayenmu, Ya shirya mana zuriya. In akwai kalmar da ta yi zafi a wasiƙar nan, ina neman afuwa a kan zafinta, amma kowace magana a ciki haka ta faru.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Habibu,
malamin labarin ƙasa.