Keken Ɗinki da Rigar da Ban Ƙarasa Ba

'Ya'yana, hankalina ɗaya ne, tunanina bai gushe ba. Jiki ne kawai ya ƙi ni. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ni, hannun da ya tsufa yana ɗinki ko cokali ba ya iya riƙewa. Ina faɗa ne, surukata, matar ɗana Dogo, tana rubutawa.

Ga Kirsimeti ya ƙarato. Ina jiyo waƙoƙin coci ta taga, ba halin zuwa. Na yi kuka, na tambayi Ubangiji ko ya manta da ɗakin nan, ban ji amsa ba. Sai dai kullum da safe surukar nan tawa takan juya ni, ta goge mini baya da ruwan ɗumi, ta sauya zanen gado ba ta ko yamutsa fuska. A hannunta nake ganinsa yanzu. Shi ma da aka haife shi a komin dabbobi, sai da wata ta ɗauke shi ta naɗe shi da tsumma.

Ga wasiyyata. Na ɗaya: keken ɗinkina na matar Dogo ne. Kada in ji wani ya ce ai suruka ce.

Na biyu: rigar jikata tana kan teburin shago, saura hannu ɗaya. Na yi mata alkawarin za ta sa ta ranar Kirsimeti, ga shi na kasa. Wani ya ƙarasa, ko da ɗinkin zai karkace.

Na uku: Dogo, kai da ƙanenka makanike kun daina gaisawa saboda shagon nan. Kowa sai ya leƙa ya ga babu motar ɗan'uwansa kafin ya shigo duba ni. Ina gani, amma ba ni da hannun jan kunne. Ku raba shi biyu, ku huta.

Auta, tun da jaririnki ya rasu kika daina addu'a. Ba zan matsa miki ba, ni ma ban san dalilin tafiyarsa ba. Ki ci gaba da zuwa kina tsefe mini kai, ko ba za ki ce komai ba. Ya ishe ni.

Ubangiji ya sa muku albarka, ya tsare fitarku da shigarku. Ranar Kirsimeti ku taru ku ci abinci a tsakar gida, ko ina nan ko ba na nan. In ina nan, ku bar ƙofata a buɗe in ji hayaniyarku.

Mahaifiyarku.