Kwandalar da Kika Goge

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ladabi irin wadda ɗiya ke yi wa uwa, ina sanar da ke muna nan unguwar Hindawiyya ta Jidda lafiya, a ɗakunan nan biyu da kika bar mu shekara huɗu da suka wuce. Baba na nan da ransa, sai dai idon ya tafi gaba ɗaya. Dalilin wannan takarda kuwa kwandalar nan ce. Kin san wadda nake nufi, kada ki yi kamar kin manta.

Rubu'in riyal ɗin nan da mai gurasar tamis ya ba Baba canji tun ina goye. Dabinon da takubban da aka zana a jikinta, waɗanda ya kamata su zauna a tsakiya, sun zame can gefe, ɗaya ɓangaren kuma fili fetal kamar jinjirin wata. Baba ya ce haka ta fito daga gidan buga kuɗi, inji ne ya yi kuskure. Ke kuwa amsarki ɗaya ce kullum: "Mota ce ta taka ta, Malam." Shekara talatin kuna wannan musu, kuma kuna jin daɗinsa, don na sha ganin kina murmushi in kin juya baya.

Wani lokaci da yamma, in iskar teku ta shigo ta taga, sai in ga kamar kina zaune bakin ƙofar kicin, ƙafa a miƙe, tukwane jere gabanki suna ƙyalli. Ba ki yarda ƙarfe ya dushe a gidanki. Har makullin ƙofa bai tsira ba.

To wata Juma'a Baba ya tafi masallaci, kika buɗe gwangwanin da yake ajiye ta ina tsaye ina kallo. Kika dirje kwandalar da toka da lemun tsami har ta yi fes, kika mayar da ita cikin audugarta, kika ɗora yatsa a leɓe. "Abin da mutum ke so ba na barinsa da dauɗa," kika ce. Ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Bara Baba ya fara cewa yana so a raba gardamar nan kafin ya bi ki. Na je wurin wani mai sayar da tsofaffin kuɗi a unguwar Bagdadiyya. Ya ce akwai kamfani a ƙetare da aikinsu ke nan: su duba kwandala da madubin ƙara girma, su tantance ko kuskuren inji ne ko ɓarna ce ta bayan fitowa, su ba ta maki, su rufe ta cikin roba mai tauri da ba a buɗewa. Muka cike takarda, na sa alama a layin kuskuren bugu. Sai ya tambaye ni ko an taɓa wanke ta. Inna, na kalli ƙasa na ce ban sani ba. Allah ya yafe mini.

Wata uku ba ta nan. Nakan kishingiɗa bayan azahar in riƙa bin ta a raina. Ga ta cikin jirgi sama da Bahar Maliya, ga ta kan teburin wani baƙo mai farar safar hannu, yana juya ta a hankali ƙarƙashin fitila, bai san ke ba, bai san unguwarmu ba. Baba kuwa duk motsin ƙofa sai ya ɗago kai. Ni tsorona biyu ne. In suka ce mota ce, dattijo zai ƙarasa kwanansa da kunya. In suka gano wankin, na tona miki asiri kina kwance.

Shekaranjiya ta dawo. Baba ne da gaskiya, Inna, sai haƙuri. Kuskuren inji ne, sun rubuta ɓaro-ɓaro. Amma ba su ba ta maki ba. Inda lamba za ta zauna sun sa kalma ɗaya ta Turanci, mai shagon ya fassara mini: an goge. Ya ce darajarta a kasuwa ta faɗi, yana girgiza kai kamar an yi masa rasuwa.

A hanya na yanke shawara zan karanta wa Baba layin farko in haɗiye na biyu. Ai ba ya gani. Na sa masa robar a hannu, ya shafa ta gaba da baya, na ce ya ci gardama. Ya yi dariya har da tari. Sai ya ce in karanta masa duk abin da ke jiki, kada in tsallake ko ɗigo. Bakina ya kasa ƙaryar. Na karanta.

 Ashe ya sani tun ranar da kika goge ta. Ya ce audugar ta yi sati tana ƙamshin lemun tsami, ya ƙi magana ne don kada ki daina taɓa kayansa. Abin da ya faɗa bayan nan shi ya zaunar da ni rubuta miki. Kin san kin yi shekara talatin da 'yan kai a Jidda babu iƙama, wato takardar izinin zama, babu sunanki a littafin kowane ofis, ko asibiti sai da katin maƙwabciya kike zuwa. "Halas, shi ke nan," ya ce, "yau dai ga takarda da hatimi ta shaida hannun uwarki ya yi aiki a garin nan."

Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Ya ce ba za a sayar ba, ba kuma za ta koma gwangwani ba. Yanzu haka tana aljihun gaban rigarsa, yana barci da ita.

Allah ya yalwata miki makwanci, ya sanyaya shi, ya sa sunanki na cikin littafin da ba a neman kafili mai tsaya wa baƙo kafin a shiga. Ya ba Baba sauƙin abin da ya rage masa, ya haɗa ku inda za ku ci gaba da hirarku. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Rabi