Ɗana ya ƙi ganye tun shekarar fara

Malam, don Allah ka taimake ni, gidana na neman rabewa a kan miya.

Daga Garhanga nake, wani ɗan lekwal, wato ɗan makarantar boko, na sa ya rubuta mini. Ɗana Manzo shekararsa goma sha shida. Yana ƙarami fara ta cinye mana hatsi, muka yi wata huɗu ba mu da abinci sai tafasa da 'ya'yan anza masu ɗaci. A cikin wannan yunwar ƙanwarsa Zali ta rasu, a gabansa. Tun daga nan ganye bai sake shiga bakinsa ba. Zogale, yakuwa, kabewa, ko magarya da aduwa da yara ke rububi, ba ya taɓawa. Sai fura da tuwo gaya. Samarin da yake kokawa da su kuma sun ƙara zuga shi, wai ganye cimar mata ce da matsiyata.

Yanzu dasashinsa na jini, da magariba ta yi sai ya riƙa tuntuɓe da turmi. Ubansa Barmo ya buge shi sau biyu, shekaranjiya ya rantse in yaron ya sake ture akushi sai ya bar masa gida. Yaron kuwa ya ɗaure kayansa. Ni tsakaninsu nake, ban san wa zan riƙe ba.

Uwa mai fargaba

Baiwar Allah, sannu da ɗawainiya.

Maigidanki tsoro yake ji, shi ya sa yake duka. Manzo kuma ba raini ne ya hana shi ci ba, ƙanwarsa yake tunawa. Ki faɗa wa uban haka ku biyu kaɗai, ki roƙe shi ya sassauta, ya yi kaffarar rantsuwarsa.

Tuntuɓen nan dundumi ne, kada ki jira. Ki gasa masa hanta in ta samu, ku kai shi wajen lokotoro, wato likita, a Madawa.

Ki daina sa masa tafasa, har abada in ta kama. Ki fara da abin da bai ci ba a shekarar yunwa: albasa a kan nama, kabewa cikin miya, tsamiya a kunu. Kada ki ɓoye, in ya gano ba zai sake yarda da tukunyarki ba. Ki samu babban ɗan kokawar da yake jin maganarsa, ya ci tare da shi a gaban samarin.

Kuma wata rana ki zauna ki yi masa zancen Zali. Ina jin ba wanda ya taɓa yi masa.

Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya zuciyar ubansa.