Dokar Shuni Marina Kawai Take Kamawa

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Zaman Lafiyar Gari, Dutsin-Ma.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da sauran 'yan kwamiti, na rubuto ne game da dokar da mai shela ya zagaya da ita, wadda ta ce duk namijin da aka gani da shuni a hannu 'yan doka su kama shi, wai ɗan ƙungiyar 'Yan Shuni ne. Ni malamar makaranta ce, na yi jami'a, amma a gidan marina aka haife ni. Yayana Sule rini yake yi kamar mahaifinmu. Yau mako biyar ke nan bai wuce zaure ba.

1. Da alama kwamitin bai samu sukunin bincika asalin mutanen da yake nema ba, don haka bari in taimaka. Ina ƙarama, 'Yan Shuni samarin unguwarmu ne masu farautar rani a dajin da ke tsakaninmu da Kurfi. Kafin su fita sukan biyo ta marinar Baba, kowa ya tsoma babban yatsansa na hagu a rini, don su gane juna idan rigima ta tashi kan nama da mafarautan wani gari. Baba yakan zage su, kuma yakan bar su su tsoma. Da siyasa ta zo, masu jam'iyya suka gano samarin da ba su tsoron wuƙa, suka riƙa kwasarsu a mota ana kai su tarwatsa taron abokan hamayya. Ɗaya ɓangaren ma ya tara nasa, masu shafa farar ƙasa a goshi. Da soja suka hana jam'iyyu, manyan suka koma gaisawa a ƙofar masallaci. Samarin ne ba wanda ya tuna ya gaya musu an tashi. Ba su koma daji ba, suka raba garin biyu.

2. Tambarinsu yatsa ɗaya ne, na hagu, iyakar gaɓar farko. Marini kuwa hannu biyu ne, har gwiwar hannu. 'Yar aji ɗaya a makarantarmu za ta bambance. Dokar ta ce hannu, ta yi shiru.

3. Kwana uku da shela, 'Yan Shuni suka goge yatsunsu da lemun tsami, suka koma karya hula ta gefen hagu. Kowa a gari ya sani, ban da kwamiti. Ranar kasuwar da ta wuce na ga uku daga cikinsu suna shan fura a tasha, ɗan doka na gefensu yana jiran tasa. Waɗanda na san an kama zuwa yanzu duk marina ne, har da Malam Isa wanda sai da sanda yake tashi.

4. Ga halin da Yaya Sule yake ciki. In ya bi babbar hanya, 'yan doka. In ya bi lungu, masu farar ƙasa, waɗanda suka karɓi dokarku hannu biyu, don ta ba su izinin dukan duk mai shuɗin hannu. 'Yan Shuni sun aiko sau biyu cewa za su riƙa raka shi marina su dawo da shi. Ya ƙi, don ranar da ya karɓi rakiyar nan ya zama abin da kuke zarginsa da shi, kuma ba a fita daga cikinsu. Rini kuwa in ba a motsa shi kullum mutuwa yake. Cikin ramuka uku da Baba ya bari, biyu sun riga sun ruɓe. Kowace safiya Yaya yana zaune a tsakar gida yana dirza hannunsa da toka da yashi, har fatar ta saluɓe, matarsa na ɗaure masa da tsumma. Shunin shekara ashirin ba ya barin ƙumba.

Roƙona, ranka ya daɗe, a saki marinan da ke tsare, a sake shela a ce tambarin ake nufi ba sana'a ba. In kwamitin yana shakka, ya aiko mutum ɗaya ya zo ya dubi hannun, muna gida, ba inda za mu. In kuma dokar ba za ta gyaru ba, a gaya wa Yaya a fili ya bar rini ko ya bar gari. Kada ku bar shi sai samarin nan sun aiko na uku, don jiya na ji ya tambayi matarsa ko ɗan aiken ya sake zuwa.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka mashawarta masu duba abu kafin su sa a yi shelarsa, ya zaunar da garinmu lafiya.

Wassalam.

Malama Hajara, ƙanwar Sule marini.